Shaidu Uku a Kan Kalmar Sirri

Wautar da na tafka a rayuwata, in aka ce a loda ta a mota, sai direba ya yi sawu biyu. Amma akwai guda ɗaya da ba zan manta da ita ba har ranar da za a sa ni a makara. Ni ne mutumin da aka ba sirri ya ajiye, ya tara shaidu uku ya karanta masu shi baƙi bayan baƙi, aka shafa fatiha, ya raba goro. Ku yi dariyarku, mutanen garinmu sun riga ku, sun fi shekara suna yi.

Lokacin nan ne da man fetur ya yi tsada a duniya, kuɗi suka riƙa kwarara har ƙananan hukumomi. Wanda jiya kuka sa hannu a kwano ɗaya, yau sai ka gan shi ɗan kwangila, ya gina kwalbatin da ruwan farko zai tafi da ita, ya sayi mota mai baƙin gilashi. Daga Kankara zuwa Faskari har Sabuwa, kowa ya zama Honarabul ko abokin Honarabul. Ni ban samu kwangila ba, amma babban ɗana, wanda ba na kama sunanshi, mutane kuma ke kira Injiniya, ya samu aiki a wani kamfanin mai a Fatakwal. Ya kai ni Makka. Na dawo da haƙoran zinari biyu da ba wanda ya aike ni in sa, daga nan ko gaisuwar mutuwa na je sai na nemi dalilin buɗe baki. Bokona kuwa wata uku ne a ajin yaƙi da jahilci, kafin a sallame ni saboda na ɗaure wa malamin gefen riga a ƙafar benci. Na dai fito da baƙaƙe da lambobi, ina harhaɗa su kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Muna da fadama ta gado a bayan ƙauyenmu, kusa da Ruwan Godiya, da rake da mangwaro da wata tsohuwar rijiya. Mun daɗe muna ja da maƙwabcinmu na gona a kan inda iyaka ta bi, shi yana cewa rijiyar a nashi take. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya ga ranar da iyaye suka yi rabon: yayana, wanda muke gida ɗaya da shi, sashenshi daban nawa daban. Ya tsufa ƙwarai, amma kanshi garau. Ya san kututturen tsamiyar da aka fara awo daga gare shi, ya san inda aka binne dutse, ya san wanda ya riƙe igiya da wanda ya yi rantsuwa.

Da Injiniya ya zo hutu wata shekara, sai ya zo da kwamfuta, da faranti biyu na sola, da batir, da wani ɗan abu kamar yatsa mai sim a ciki wanda ke jawo intanet. Sai da aka ɗaure shi a kan gora ta taga da doguwar waya kafin ya kama. Aka kafa komai a ɗakina na kusa da zaure. Ya ce yana so ya riƙa shiga kwamfutar daga can Fatakwal, ya sa mana hotunan jikoki, ya gyara ta in ta rikice, ya kuma tattara takardun gida a ciki.

Na ce, "Daga Fatakwal? Hannunka zai miƙe ne?"

Ya rubuta layi biyu a takarda. Ya ce, "Baba, lambar nan ta sama kamar kwatancen gida ce. Ta ƙasan ita ce kalmar sirri, ita ce makulli. Duk wanda ya haɗa biyun, ko ina yake a duniya, kamar yana zaune a kujerar nan ne."

Na duba makullin. Baƙaƙe manya da ƙanana a cakuɗe da lambobi, da wasu alamu marasa suna, wata kamar ƙugiya, wata kamar tauraro. Na ce, "Wannan ai rubutun kaza ne. Ka sa sunana mana, ko ɗaya biyu uku huɗu, abin da mutum zai riƙe."

Ya ce, "Abin da za ka riƙe da sauƙi, Baba, ɓarawo ma zai cinka da sauƙi. Takardar nan ajiya ce kawai, ko da tawa ta ɓace in kira ka ka karanta mani. Kada kowa ya gan ta. Kowa fa."

Bai tsaya nan ba, ya ƙara ƙofa ta biyu. Duk lokacin da zai shigo, wani ɗan akwati zai fito a fuskar kwamfutar yana neman izini, da wurin dannawa kore da ja. Ya ce, "Zan fara kiran ka a waya, ka ji muryata, sannan ka danna kore. In akwatin ya fito ban kira ba, ja za ka danna. In ka rikice, zare ɗan abin nan na kan gora."

Na ce, "Kai, ni za ka koya wa tsaron gida? Rumbuna kwaɗo uku gare shi."

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ya fi ni sanin ubanshi.

Ana gobe zai koma, ya ɗauko wani mai ɗaukar bidiyon biki daga Faskari, aka ɗora Yaya a kan mashin aka kai shi fadama. Da sandarshi ya bi iyakar nan taku bayan taku, yana nunawa yana faɗi, har da labaran da ba a tambaye shi ba: yadda ya faɗa rijiyar yana yaro, yadda ya fara ganin matarshi tana wanki a bakin rafi. Mai bidiyon ya dawo bayan sati guda, Injiniya ya riga ya tafi, ya juye aikin a kwamfutar kashi-kashi, ya goge na wurinshi don yana da biki a Damari. Injiniya ya ce zai riƙa jawo su can wurinshi a hankali, tunda intanet ɗinmu tafiyar jaki mai ciki yake yi. Kashi ɗaya kawai ya samu ya ja. Kafin damina ta kankama, Yaya ya kwanta kwana huɗu, Allah ya karɓi abinshi.

Daga nan kwamfutar ta zama abu biyu a gidan. Ga Hajiya, matar Yaya, nan ne mijinta ya rage. Kowace Juma'a bayan la'asar, in maza sun watse, sai ta ratso tsakar gida da tabarmarta ta ce, "Ƙanin miji, kunna mani tsohon." Tsakanina da ita wasa ne tun tana amarya. Ina ce mata ta shirya, ni zan gaje ta, ita kuma ta ce gara ta auri turmi, shi ko ba komai yana zama inda aka ajiye shi. In na kunna sai ta zauna tana kallo tana mashi faɗa. "Ƙarya kake, ba wanki nake ba, ruwa na je ɗiba." In ya yi tari ta ce sannu. In an gama ta naɗe tabarma ta tafi.

Ga ni kuwa, abin tallata kaina na samu. In Injiniya ya kira na danna kore, sai ka ga 'yar kibiyar nan ta fuskar kwamfuta tana yawo ita kaɗai, tana buɗe wannan tana rufe wancan, ba hannun kowa a kai. Sai in aika a kira mani mutane. Na taɓa gaya wa wani mai tallan fura cewa aljani na sayo a Jidda, ya bar ƙwaryarshi ya fita a guje. Na bayyana wa kowa yadda abin yake, har da akwatin neman izini, har da kore da ja. Ban bar komai ba. A bakin masallaci kuma na riƙa faɗi da ƙarfi yadda zai kai kunnen maƙwabcinmu: "A bari kaka ta yi a zauna gaban dagaci. Yaya da kanshi zai ba da shaida, daga kabari."

Sai Injiniya ya kira ya ce an tura shi aiki tsakiyar teku, zai yi makonni, waya ba ta cika shiga ba. A satin na yi zazzaɓi na kwana biyu. Ina kwance sai tunani ya zo mani: Yaya ya tafi cikin kwana huɗu. In ni ma na bi shi fa? In gara ta ci takardar fa? Ga yaro a kan ruwa. A wurinmu duk abin da ya isa a kira shi abu, da shaidu ake yin shi. Aure da shaidu, cinikin gona da shaidu, ko saniya ka ba mutum kiwo sai ka kira wani ya gani. Abin da mutum biyu kaɗai suka sani, a ganina a lokacin, ai bai tabbata ba. Na ce yaron nan ya yi boko amma bai san duniya ba, bari in gyara mashi aikinshi.

Na kira ladaninmu. Na kira wani abokina mai gyaran keke da muka tashi tare. Na ukun kuwa, nan ne na nuna gwaninta. Na ce shaida ba ta ƙarfi sai da mutumin ɗaya ɓangaren a ciki, don kada gobe a ce mun haɗa baki. Sai na kira wani dillalin shanu wanda matarshi ƙanwar maƙwabcinmu ce. Na zaɓe shi ina sane. Har na yaba wa kaina a zuci, na ce da an yi ni alƙali da ƙasar nan ta zauna lafiya.

Muka zauna a zaure da hantsi. Na ciro takardar daga cikin gwangwanin da na ɓoye ta, na yi gyaran murya, na fara karantawa. Ladan ya gwada rubutawa da ajami, da aka zo kan ƙugiya da tauraro ya ajiye alƙalami ya ce, "Alhaji, wannan ba na mutanen kirki ba ne." Mai keke ya ce shi ya ji da kunnenshi, ya wadatar. Dillali kuwa ya matso ya ce, "Alhaji, shaidar da aka riƙe da ka ana mantuwa. Kawo in kwafa yadda take, saboda halin rayuwa." Ya ciro tsohon katin waya da aka riga aka kankare, ya kwafe layi biyun nan a bayanshi, manya a manya, ƙanana a ƙanana. Har ya tambaye ni ko wannan sifili ne ko baƙi, na duba da kyau na gyara mashi. Na gyara mashi! Sannan ladan ya ja fatiha, na raba goro, fari ma ba ja ba.

Juma'a ta biyu bayan haka, an sauko masallaci, mutane sun cika ɗakina ana shan fura kamar yadda aka saba. Dillali ya ce, "Kwana biyu ba mu ga hannun Injiniya ba. Kunna mana ko za a dace." Na kunna. Ya ce bari ya kama ruwa, ya fita da wayarshi a hannu. Bai daɗe da dawowa ba sai ga akwatin nan ya fito.

Wallahi na tuna. Ba zan yi wa kaina ƙaryar mantuwa ba. Na ciro wayata na duba, ba kira. Yatsana ya tsaya a sama.

Mai keke ya ce, "Ba ka ce sai ya kira ba?"

Dillali ya ce, "Haba, mutumin da ke tsakiyar teku ina ya ga waya? Ya samu hanya da ƙyar ya zo yana sallama, Alhaji, za ka bar ɗanka tsaye a ƙofa kamar baƙo?"

Na dubi ɗakin. Idanu sun fi ashirin a kaina, har da baƙi biyu daga Yargoje da ba su taɓa gani ba, tun a masallaci nake cika masu baki. Na ce, "Ni ban san sallamar ɗana ba?" Na danna kore.

Kibiya ta motsa. Baƙin nan suka yi salati. Ni kuwa na gyara zama na buɗe haƙoran Makka ina fassara masu. Ta ɗan yi dube-dube kamar mai neman hanya, sannan ta nufi inda bidiyon Yaya yake. Ƙananan hotunan nan da ke jere, galibi da fuskarshi ko sandarshi, suka fara ɓacewa.

Ladan ya ce, "Alhaji, kamar raguwa suke fa."

Na ce, "Shara yake yi, Malam. Jera su zai yi sabo. Kai dai riƙe kiran salla, ka bar mana wannan."

Aka yi dariya. Wani dogon layi kore ya fito yana cika a hankali, na ce masu ga aikin yana tafiya. Da ya cika na ce, "Ku tafa mashi mana, daga teku fa yake!" Na fara, ɗaki ya ɗauka. Mun tafa sosai. Ɗan abin da aka ce in zare in na rikice yana nan a kan gorarshi, taku biyu daga inda nake. Ban rikice ba ai, ina cikin daɗina.

Bayan la'asar mutane suka watse, Hajiya ta shigo da tabarmarta. "Ƙanin miji, kunna mani tsohon." Na danna inda na saba dannawa. Fili. Na rufe na buɗe. Na kashe na kunna. Na hura bayan kwamfutar kamar mai hura wuta, na bubbuga ta. Tana zaune tana kallona. Na ce Injiniya ne ya ɗauke shi gyara, sati mai zuwa zai dawo da shi. Ta daɗe tana duban fuskata, sannan ta naɗe tabarma.

Sai bayan kwana biyar Injiniya ya sauka tudu ya kira. Na yi ta maza na ce, "Aikin da ka yi ran Juma'a, ina ka kai Yaya?"

Ya ce, "Wane aiki, Baba? Rabona da kwamfutarku tun kafin in hau ruwa."

Sai ya ƙara tambaya.

"Baba, ka danna kore ban kira ba?"

Na ce ai a teku yake.

"To ko ka danna, sai mai kalmar sirri ne zai iso har ƙofar. Wa ya ga takardar?"

Na ce, "Babu kowa. Sai dai shaidu."

Can ya ce, a hankali, kamar mai tambayar marar lafiya, "Shaidu, Baba?"

Ya zo cikin satin. Bai ɗaga mani murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya ce shi ma da laifinshi, da bai sa an kwafa a faifai tun farko ba. Ya faɗa ne don ya rage mani kaya, na sani. Ya ɗauki kwamfutar ya kai Kaduna wurin masana, suka ce wanda ya yi aikin ya san hannunshi: bai tsaya ga gogewa ba, sai da ya bi wurin ya turmushe shi da wani abu. Wannan ne layin nan kore da muka yi wa tafi.

Na tari dillali a kasuwa. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Katin nan? Ai tuni yara suka yi wasa da shi. Kuma Alhaji, ni ka kira ni na zo, ban roƙa ba. Da yatsan wa aka danna?" Kowa ya san maƙwabcinmu yana da suruki mai shagon kwamfuta a Kankara. Sani daban, kamawa daban. Shaidu kam ina da su cike da ɗaki, sai dai duk abin da suka gani shi ne yatsana.

Kashi ɗaya ya tsira, wanda Injiniya ya riga ya ja, na farko. Muka kunna shi a tsakar gida, kowa ya taru. Ko kun san abin da ke ciki? Ni ne. Ni ne tsaye a gaban abin ɗaukar hoton na cika shi fal, ina gyara babbar riga, ina karkata hula, ina jawabin maraba ga jama'ar duniya, haƙora suna walƙiya. Yaya ba a ganin ko gefen rigarshi. Sai can ƙarshe ake jin muryarshi daga baya yana cewa, "Kai, matsa mana a yi abin da aka zo yi." Shi ke nan. Abin da ya rage mana na muryarshi ke nan a duniya.

Da kaka aka zauna gaban dagaci. Ba shaida, sai aka raba gardama, igiya ta bi ta inda ta bi, rijiya ta faɗa wancan ɓangaren. Na yi baƙin ciki, amma in faɗi gaskiya ba rijiyar ke hana ni sakewa ba. Juma'a ke hana ni. Har yau in la'asar ta yi ranar Juma'a, sai in sami kaina ina neman abin yi a waje.

Injiniya ya sake kafa komai kafin ya koma. Ya canza kalmar sirri, ya saita ta yadda in ba daga tashi kwamfutar ba ko sallama ba za a iya yi ba, duk abin da aka sa a ciki kuma sai an kwafa shi wuri biyu. Sabuwar takardar bai ba ni ba. Mahaifiyarshi ya ba, wadda ba ta san alif ba, ba ta san A ba. Shekara nawa yanzu, ban san inda ta sa ta ba. Na taɓa tambaya, ta ce, "Goron ya ƙare ne kake neman na rabawa?"

Abin da na koya, a makare, shi ne ba kowace amana ce ke son shaidu ba. Akwai wadda ƙarfinta a taron jama'a yake, akwai wadda da ta kai kunne na uku ta mutu. Makulli ba ɗaurin aure ba ne. Yaron ya gina ƙofa biyu masu kyau, ba wanda ya ɓalle ko ɗaya. Ta farko na raba makullinta da goro, ta biyu na buɗe ta da hannuna don kada baƙin Yargoje su raina ni. Duk tsaron da za a yi wa abu, in mai gadin yana son a gan shi, an yi aikin banza.

Hajiya ba ta sake cewa in kunna mata komai ba, wasan da ke tsakaninmu ma ya mutu. Bayan an daɗe, wata rana na iske ta a tsakar gida tana tsince wake, na ce bari in gwada ko za a dawo kamar da. Na ce, "Hajiya, har yanzu ba ki shirya ba? Mai gado fa yana jira."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sau biyu aka binne yayanka, Alhaji. Na farko na ga ka yi kuka. Na biyun daga ɗakina nake jiyo tafinka."